Sheƙar Tsuntsu da Hannun Yaro



Akwai wani irin littafin yara da ya daɗe da yawaita a ƙasashen Turai da Amurka, wanda kuma yakan iso makarantunmu jefi-jefi a cikin kwalayen littattafan da ake bayarwa kyauta. Hotunansa manya ne, maganarsa kaɗan ce, abin da yake nuna wa yaro kuwa shi ne wuraren da tsuntsaye da dabbobi da ƙwari suke shiryawa domin ƙwansu da 'ya'yansu: sheƙa a kan reshe, rami a ƙasa, ɗakin laka a jikin bango. Ɗaya daga cikin sanannunsu shi ne A Nest Is Noisy, wanda Dianna Hutts Aston ta rubuta, Sylvia Long ta zana hotunansa, ya fito a Amurka a 2015. Tambayar da muke so mu yi tunani a kanta tare ita ce: ina amfanin irin wannan littafi ga yaron Tsamaye, ko na Gatawa, ko na Isa? Ya kamata mu sa shi a hannunsa, ko kuwa yin haka wasa ne da halin da yake ciki?

Ba don neman magana muka yi wannan tambaya ba. Kowa ya san abin da ya sami ƙasar Gobir ta gabashin Jihar Sakkwato tun daga wajen 2019. 'Yan bindiga sun ƙone ƙauyuka, sun kora shanu, sun ɗora wa manoma haraji kafin su shiga gonakinsu. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a wasu ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Sabon Birni. A Disamba na 2021 an ƙone matafiyan da suka taso daga Sabon Birni a cikin motarsu a yankin Isa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya kuwa rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubun dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka iyaka zuwa Jihar Maraɗi ta Nijar, da yawa suka sauka a yankin Gidan Runji. Yara masu yawa sun bar ɗakin da aka haife su da dare, ba su sāke ganinsa ba.

Saboda haka mai hankali yana iya kawo hujja uku, kuma ba mu raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Ta fari, yaron da aka ƙone gidansu, ina ruwansa da gidan kurciya? Abinci yake bukata, da magani, da tsaro. Ta biyu, ɗan ƙauye ya fi mai zanen littafi sanin sheƙa, gama shi ya hau itacen, ya taɓa ƙwan da hannunsa. Ta uku, tsuntsu ba abokin manomi ba ne kullum; wanda jan baki ya cinye masa gero ba zai ji daɗin a koya wa ɗansa tausayin tsuntsu ba. Za mu bi su ɗaya ɗaya, amma bari mu fara duba abin da ake magana a kansa.

Abin da yake cikin sheƙa

Ba sai mun je wata ƙasa za mu ga abin mamaki ba. A bakin Gulbin Rima da fadamunsa, da kan itatuwan cikin gari, akwai marai, tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa wanda yake rataye sheƙoƙinsa da yawa a itace guda. Namijin ne masaƙi. Yakan tsago ɗanyar ciyawa ko ganyen kaba siri-siri, ya fara ɗaura zobe a ƙarshen reshe, sa'an nan ya saƙa rufi da ɗakin ƙwai, ya bar ƙofa tana duban ƙasa domin maciji da shaho su sha wuyar shiga. Aikin yini guda ne ko abin da ya yi kusa da haka. In ya gama, sai ya rataye kansa a ƙasan sheƙar yana kaɗa fukafuki domin mace ta zo ta duba. In babu wadda ta yarda har ciyawar ta bushe, yakan warware aikin da kansa ya soma sabo. Masu nazarin tsuntsaye sun lura cewa saƙar ƙananan maza ba ta da kyau da fari, da yawan yi ne take gyaruwa, kamar yadda yaron masaƙi yake koyo a gaban ubangidansa.

Akwai cilakowa. Macen takan shiga kogon itace, ta toshe ƙofar da laka da kashinta, ta bar 'yar tsaga da baki kaɗai zai iya wucewa. A ciki take yin ƙwai, a ciki manyan gashin fukafukinta suke zubewa, har ta zama ba ta iya tashi. Mako da makonni namijin yana kai mata abinci ta wannan tsaga, ita da 'ya'yan. Sa'ad da 'ya'yan suka yi ƙwari, sai ta fasa ƙofar ta fito ta taya shi aiki, 'ya'yan kuwa su mayar da toshiyar da kansu.

Akwai shamuwa, wadda zuwanta yake gaya wa manomi ya gyara fartanyarsa. Takan iso gab da faɗuwar damina, ta tara ƙirare a kan manyan itatuwan cikin gari, ta yi ƙwai biyu ko uku, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsa. In damina ta wuce sai ta kama hanyar gabashin Afirka da kudancinta, inda ruwa yake sauka a lokacin da mu muke rani. Akwai kuma 'yar tsattsewar da take zaune a giginya, wadda take manna gashi a jikin ganye da miyaunta, ta kuma manna ƙwanta a kai domin kada iska ta kakkaɓe shi. Ko a cikin ɗakunanmu akwai magini: zanzaro yakan ɗauko laka ɗigo ɗigo ya gina ɗaki a bango, ya harbi tsutsa ko gizo-gizo ya sumar da shi, ya ajiye a ciki, ya yi ƙwai, ya rufe. Ɗan da zai fito ya ci wannan guzuri ba zai taɓa ganin uwarsa ba.

Abu guda ya haɗa waɗannan duka. Sheƙa aiki ne da ake yi wa wanda bai zo ba tukuna, wanda ba shi da ƙarfi, wanda kuma ba zai biya ba. Tsuntsaye da yawa ba a sheƙa suke kwana ba in ba lokacin kiwon 'ya'ya ba. Reshe ya ishe su. Domin raunana ake gina ta. Wannan shi ne darasin da yake kwance a cikin kowane littafin sheƙa mai kyau, ko marubucinsa ya faɗa ko bai faɗa ba.

Sanin maharbi da sanin mai lura

Mu ɗauki hujja ta biyu, cewa ɗan ƙauye ya riga ya sani. Gaskiya ne ya san abubuwa da yawa. Mu da muka tashi a ƙauye mun san inda zabuwar daji take ɓoye ƙwanta, mun san kurciya ƙwai biyu take yi a kan 'yan tsinke da kyar suke riƙe su. Amma in mun faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin wannan sani na maharbi ne. Mun koyi inda sheƙa take domin mu kai hannu. Da danƙon harbi a aljihu muke duban itace. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa zama yini guda a ƙarƙashin kogon cilakowa domin su ƙidaya sau nawa namijin yake kawo abinci. Yaron da ya harbe wannan namiji yana murna ya sami nama loma guda, bai san ya bar uwa da 'ya'ya a kulle ba mai ciyar da su.

Abin da hoto yake yi shi ne ya tsayar da abu cak a gaban ido, a inda hannu ba shi da abin ɗauka. Yaro yana iya duban ƙwan da aka zana har ya gaji, ya ƙidaya ɗigon jikinsa, ya tambayi abin da yake ciki, amma ba zai iya fasa shi ba. Littafin yana kuma nuna masa abin da ido ba ya gani daga ƙasa, watau cikin kogon da aka toshe, da cikin suri inda gara take, da kwanakin da suke tsakanin ƙwai da tashi. Ta haka yake koyon wani irin duba dabam, duban da ba ya ƙarewa da ɗauka.

Wannan dabara tsohuwa ce. Tun a 1658 malamin nan Komeniyus ya fitar da Orbis Pictus a ƙasar Jamus, littafin da ake ɗauka shi ne farkon littafin yara mai hotuna, domin ya gaskata cewa yaro ya fara ganin abu kafin a ɗora masa sunansa. A ƙasar Hausa ma ba baƙon abu ba ne. Rupert East da Abubakar Imam sun rubuta wa 'yan makaranta Ikon Allah, labarin halittu iri-iri, wanda ya fito daga Zariya a 1949. Iyayenmu da suka yi makaranta a wancan zamani sun karanta labarin halitta da harshensu. Abin takaici ne a ce jikokinsu sai da Turanci za su sami irin wannan, da hotunan dabbobin ƙasar ƙanƙara waɗanda ba za su taɓa gani ba.

Akwai kuma wani abu sabo da ya ƙara wa maganar nauyi. Dajin da ya koya mana abin da muka sani ya rufu ga yaran yau. Uwa a Tsamaye ko Isa ba za ta bar ɗanta ya yi nisa da gari domin neman ƙwan zabo ba, kuma tana da gaskiya. Yaron da ya girma a sansanin gudun hijira ko a gefen birni yana iya kai shekara goma bai ga kogon cilakowa ba. Wasu tsuntsayen ma sun yi ƙaranci ko da daji yana buɗe. Ungulun da take cika mahautanmu a da, a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, watau IUCN, ta sa ta cikin waɗanda suke bakin ƙarewa. Ƙwai guda take yi a shekara, a kan dogon itace, ga masu farautarta domin tsubbu, ga guba, ga sare itatuwa. Gauraka, wadda ake ɗauka tsuntsuwar ƙasar Nijeriya ce, da wuya a gan ta a fadamunmu yanzu. Sanin da muke taƙama da shi yana tsiyayewa, in ba a zuba shi a wani mazubi ba zai tafi da tsofaffi.

Inda yaro yake fara zama mai iko

Yanzu ga hujja ta fari, wadda ta fi kowace nauyi. Ba mu ce littafi zai maye gurbin tuwo ba. Wanda yake da kuɗin abu guda, ya sayi hatsi. Amma yaro ba ciki kaɗai ba ne, kuma akwai wata yunwa da tuwo ba ya kashewa.

Mu duba matsayin ƙaramin yaro. A gida kowa yana gaba da shi: uba, uwa, yayye, malami. Ko'ina umarni yake karɓa. Wuri na fari da yake samun kansa da cikakken iko a kan wani rai shi ne gindin itacen da yake da sheƙa. A nan shi ne babba. 'Yan tsuntsayen ba su da gashi, ba su iya gudu, uwarsu ba ta da abin yi sai kuka, kuma ba wanda yake kallo. Abin da zai yi a wannan ɗan lokaci shi ne jarrabawarsa ta fari a kan tambayar da za ta bi shi har tsufa: abin da hannuna ya kai gare shi, ya zama nawa ke nan?

Wanda ya amsa da i, ya kuma saba da amsar, ya ɗauki koyarwar da mai bindiga yake aiki da ita. Ba mu ce duk yaron da ya taɓa fasa sheƙa zai zama ɗan fashi ba. Da haka ne, da kaɗan ne a cikinmu za su tsira. Ba mu kuma ce rashin tausayin tsuntsu ne ya jawo masifar Gobir ba. Sanadinta suna da yawa, kuma na manya ne: rikicin gona da burtali, rashin adalci a wurin shari'a, ramuwar gayya, yawan makamai, talauci, da sakacin hukuma. Abin da muke cewa shi ne zuciya tana da wurin da take fara koyo, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga yaron da aka kora daga gidansu maganar ta fi tsanani. Shi an riga an koya masa darasi, da wuta da harsashi, cewa mai ƙarfi yana ɗaukar abin da ya ga dama. Ya gani da idonsa, ba wanda zai iya ƙaryata masa. Haɗarin da yake gabansa shi ne ya yarda cewa duniya kashi biyu ce kawai, masu ƙwace da waɗanda ake ƙwacewa, ya kuma ƙudura cewa in ya girma ba zai sāke zama cikin na biyu ba. Irin wannan yaro yana bukatar wurin da zai zama shi ne mai ƙarfi, ya kuwa janye hannunsa da son ransa. Ranar da ya ga sheƙa, ya san abin da yake ciki domin ya taɓa gani a littafi, ya leƙa, ya sauko bai taɓa ba, ya tabbatar wa kansa cewa akwai hanya ta uku, kuma shi da kansa ya bi ta. Wannan mutunci ne da mai bindiga bai iya ƙwace masa ba. Saboda haka muke cewa yaron da aka rushe wa gida ya fi kowane yaro cancantar a nuna masa sheƙa.

Magabata sun san wannan. A ƙauyukanmu ba a taɓa sheƙar shamuwa, ko da tana ɓata inuwar da ake zama da kashinta, yaron da ya jefe ta kuwa zai sha faɗa daga duk babban da ya gan shi. A Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 22, akwai doka a kan wanda ya tarar da sheƙa a hanya: an yarda masa ya ɗauki 'ya'yan ko ƙwan, amma an hana shi haɗawa da uwar. Maƙwabtanmu Musulmi suna da hadisin da aka umarci waɗanda suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta su mayar mata da su. Wannan wuri ne da duk mutanen Gobir suke iya tsayawa tare.

Bukata da ɓarna

Saura hujja ta uku, ta manomi. Jan baki ba abin wasa ba ne. Masana suna ɗaukarsa tsuntsun daji mafi yawa a duniya, ana ƙiyasta shi da kimanin biliyan ɗaya da rabi. Yakan yi sheƙoƙinsa dubbai a kan itatuwan ƙaya, ya ƙyanƙyashe cikin kwana goma ko ƙasa da haka, in garkensa ya sauka a gonar gero ko dawa ko shinkafar fadama, wahalar shekara tana iya tafiya cikin 'yan kwanaki. Yaranmu ne suke tsayawa a gona da gwangwani da majajjawa tun asuba suna kora. Gwamnati ma takan yi feshi da jirgin sama a jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara da sauransu. Za mu ce wa manomi ya naɗe hannu?

Ba za mu ce ba. Littafin da zai koya wa yaro cewa kashe kowane tsuntsu laifi ne, littafin wanda bai taɓa jin yunwa ba ne, yaron kuwa zai gane ƙarya ce ya yar da sauran abin da yake ciki. Dokar da muka ambata ɗazu ma ba ta hana ci ba. Iyaka ta sa wa ci. Bambancin da ya kamata yaro ya koya shi ne tsakanin bukata da ɓarna. Wanda ya kare gonarsa daga jan baki yana kare bakin 'ya'yansa. Wanda ya ɗebi ƙwan zabo domin gidansu ba abinci, ya ɗauka da dalili. Wanda ya kakkaɓo sheƙar marai da sanda domin ya ga yadda 'ya'yan za su faɗo, ba abin da ya samu sai jin daɗin iko. Na fari da na biyu suna da amsar da za su bayar in an tambaye su. Na uku ba shi da ita.

Sani kuma shi ne yake sa a iya bambancewa. Manomin da bai san tsuntsaye ba, duk ɗaya yake ɗaukarsu. Wanda ya sani, ya san shamuwa da balbela fara suke ci, mujiya ɓera take kamawa, zanzaro tsutsa yake kwashewa. Ya san maganin da ake fesa wa jan baki ba ya tambayar sunan tsuntsu kafin ya kashe shi, don haka a yi shi da lissafi, a inda ya zama tilas. Littafin sheƙa mai gaskiya yana wa manomin gobe aiki.

Kada littafin ya yi ƙarya

Akwai sharaɗi guda da za mu kafa. Wasu littattafan yara suna zana sheƙa kamar wurin da mugun abu ba ya kaiwa, uwa tana murmushi, 'ya'ya suna barci, rana tana haske. Yaron da ya kwana a daji yana gudun harbi zai dubi wannan ya san ba duniyarsa ba ce. Gaskiyar kuwa ita ce sheƙoƙi da yawa ba sa kai 'ya'yansu ga tashi. Iskar farkon damina tana kakkaɓe wasu, maciji da guza suna shiga wasu, gatari yana kayar da itacen wasu. Har akwai tsuntsun da yake zuwa ya yi ƙwansa a sheƙar hankaka ya tafi, hankaka ya ƙyanƙyashe ya yi ta ciyar da ɗan da ba nasa ba. Kirarin nan na hankaka mai da ɗan wani naka ya dace da shi ƙwarai. Yaro yana iya ɗaukar waɗannan duka in an faɗa masa a hankali. Abin da zai riƙe daga ciki shi ne cewa tsuntsun da iska ta rushe wa sheƙa, kashegari ana ganinsa da ciyawa a baki.

Gobirawa ba baƙin wannan labari ba ne. Tarihinsu ya nuna sun taso daga Azbin, sun zauna a Birnin Lalle, sun gina Alƙalawa a bakin Gulbin Rima. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu kuma suka kafa Sabon Birni, wanda sunansa kaɗai ya isa shaida cewa mutanen da aka rushe wa gari sun sāke ginawa. Yaron Gobir yana da hakkin ya san wannan.

Amma mu yi hattara da wannan kwatanci, kada mu wuce da shi gona da iri. Mutum ba tsuntsu ba ne. Iskar da take rushe sheƙa ba ta da laifi, ba a kai ta gaban alƙali. Wanda ya ƙone ƙauye kuwa mutum ne mai hankali, ya zaɓi abin da ya yi, kuma akwai hukumar da aka ɗora wa nauyin hana shi. Ba daidai ba ne mu ce wa ɗan gudun hijira ya yi haƙuri ya sāke gini kamar marai, sa'an nan mu yi shiru a kan waɗanda suka kore shi da waɗanda suka kasa tsare shi. Sheƙa tana koya wa yaro juriya da tausayi. Neman adalci aikin manya ne, kuma yana nan a wuyanmu.

Abin da yake hannunmu

Mene ne za mu iya yi, mu da ba mu da maɗaba'a? In littafin waje ya zo hannunmu, mu karɓa da godiya, mu zauna da yaro mu fassara masa, mu kuma tambaye shi a kowane shafi: wane ne yake yin irin wannan a garinmu? In hoton ya nuna tsuntsun da yake toshe kogo, mu ce masa ga cilakowa. In ya nuna mai gini da laka, mu nuna masa bangon ɗaki.

Abin da ya fi wannan shi ne yara su yi nasu littafin. Littafin rubutu guda da fensir sun isa. Malami ko uwa ta zaɓi itace guda a cikin gari, inda ba haɗari, yara su riƙa dubansa daga farkon damina zuwa kaka. Su zana abin da suka gani, su rubuta ranar da shamuwa ta iso, da ranar da aka fara jin kukan 'ya'ya, da ranar da suka tashi. Su je wurin kaka ko tsohon maharbi su tambayi sunan kowane tsuntsu da abin da ake faɗa a kansa, su rubuta da Hausar garinsu. Doka guda ce: ido ya duba, hannu ya tsaya a kan fensir. Tsohon da ya baro ƙauyensa yana zaune ba aikin yi zai ga cewa abin da yake kansa yana da mai nema. In kuma akwai masu zane da marubuta a cikinmu, ga aiki yana jiransu, gama yaran ƙasar Hausa sun cancanci littafin sheƙa mai marai da gauraka, mai gawo da giginya.

Sai kuma itatuwan kansu, domin ba sheƙa in ba reshe. A nan maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna hanya. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman can, tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka koma barin tohon da yake fitowa daga kututturen itatuwa a gonakinsu, suna rage shi suna gyarawa maimakon su sassabe shi duka. Ta wannan hanya gawo da sauran itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba a kawo irin daga waje ba. Saiwar tana nan a ƙasa, hannu kawai aka janye.

'Yan'uwa, ba mu da ikon mayar wa kowane yaro ɗakin da aka ƙone masa, ko da yake tilas mu ci gaba da neman a mayar. Amma muna da iko a kan abin da za mu sa a gaban idonsa, da abin da za mu yaba masa in ya yi. In ɗanka ya dawo ya ce ya ga sheƙa da ƙwai uku a ciki, tambaye shi launinsu, ka tambaye shi ko uwar ta dawo, sa'an nan ka sa masa albarka domin ya bar su a inda ya gan su.

Allah ya maido da zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya mai da kowa gidansa. Amin.